Mai gidan da na saya yana so ya bar min tarkacensa, ya zan yi?

Abu_Fadila:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Mun daidaita cinikin wani gida a unguwar Hanwa da ke Zariya, na ba da kafin alƙalami, saura cikon kuɗi da karɓar makulli. Mai gidan dattijo ne da ya yi ritaya, zai koma garinsu da iyalinsa. Damuwata kayan da ke cikin gidan. Akwai babban janareto Lister a bayan gida wanda ya ce gyara kaɗan yake so. Akwai tsohuwar Fijo 504 a gareji, tayoyinta sun sace har sun nutse a ƙasa. Akwai firiza mai murfi biyu, da wata durowar katako da kafinta ya haɗa a cikin ɗakin, ba ta fita ta ƙofa sai an kwance ta. Sai tankin ƙarfe a kan hasumiya, duk ya yi tsatsa.

Janareto da firiza ya ce in ɗan ƙara masa wani abu a kai. Mota da durowa ya ce ya ba ni kyauta. Sannan ya roƙi in bar masa ɗakin waje ya tara wasu kwalaye da kujeru zuwa bayan sallah. Ni kuwa ko ɗaya ba na so. Amma mutumin sa'an mahaifina ne, kuma ya yi min mutunci a farashi, ina jin nauyin in dubi idonsa in ce a'a. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka min.

Dillali_Kwangila:
Wa alaikumus salam. Malam Abu_Fadila, ina dillalinku? Ai wannan aikinsa ne, ba don nuna gida kaɗai ake ba mu la'ada ba. Kai ba sai ka buɗe baki ba. Ka gaya wa dillali abin da kake so, shi ya je ya ce wa Baba mai saye yana da nasa kayan, gidan ba zai ɗauka ba. Yawancin masu cewa "na bar maka kyauta" kuɗin 'yan dako da a-kori-kura suke gudu, ba wani abu ba.

Ummu_Sadiq:
Kada ka karɓi ɗakin nan. Sauran duk mai sauƙi ne, amma ɗakin kada ka yarda.

Barista_Zazzau:
Abu ɗaya ne a hannunka yanzu da zai sa a saurare ka, shi ne cikon kuɗin da ba ka biya ba. Ranar da ka biya, magana ta koma roƙo. Saboda haka kafin ranar, a zauna a rubuta abubuwa uku a cikin takardar ciniki. Na farko, jerin abin da zai zauna a gidan, kowane da sunansa. Na biyu, ranar da za a miƙa gidan babu mutum babu kaya. Na uku, cewa duk abin da ya rage bayan wannan rana mai sayarwa ya yarda ka fitar da shi ko ka sayar. Shi ya sa hannu, kai ka sa, shaidu su sa, in da hali har da mai unguwa.

Kuma ka riƙe wani abu daga cikon, ko da kaɗan ne, har sai ka zagaya gidan da idonka ka ga an kwashe. Wannan ba rashin yarda ba ne, tsari ne. Mutane suna ɗauka in sun gama da KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, shi ke nan, alhali takardun can maganar fili da mallakarsa suke yi. Dokar filaye ta 1978 ma amincewar gwamna a kan sauya hannun fili take magana, ba ruwanta da firiza ko janareto. Waɗannan sai abin da kuka rubuta tsakaninku.

Abu_Fadila:
Na gode Barista. To motar fa? Tunda kyauta ce, ita ma sai an rubuta?

Barista_Zazzau:
Ita ce ma ta fi buƙatar rubutu. Ka tambayi takardunta, ka duba ko sunansa ne a kai, ka gwada lambar injin da ta jikin motar. In babu takarda, kada ta kwana a gidanka bayan ka karɓi makulli. Gobe wani ya zo ya ce tasa ce, ko jingina aka ba da ita, a gidanka za a same ta.

Injiniya_Muchia:
Ni dai ban yarda a haɗa Lister da tarkace ba. Waɗannan injinan dizal ne na Ingila, masu juyawa a hankali, kuma har yau su ne ke jan injin niƙa a ƙauyuka da dama. In kan injin bai tsage ba, gyaransa ba wuya. Ka samu makaniken da ya san su, ba na ƙananan janareto ba. Ya sa hannu ya juya shi ya ji ko yana da matsi, ya zaro sandar gwada mai ya ga ko ruwa ya shiga, in man ya yi fari-fari to akwai matsala. Ya duba bangaren da ke ba da wuta ko an taɓa zare wayar tagullar da ke ciki, don nan ne rabin darajarsa take.

Ban ce ka ajiye shi don amfanin gida ba. Da tsadar dizal a yanzu, da ƙararsa, maƙwabta ma ba za su gode maka ba. Amma akwai masu nemansa. Ka gaya wa Baba ya sayar da kansa, zai samu fiye da abin da kai za ka ƙara masa.

Tankin ne ya fi tsorata ni. Tankin ƙarfe mai tsatsa a sama, ƙafafunsa ma ƙila sun ci daga ƙasa, ga iskar farkon damina ta Zariya da ke yaye kwano. Kada ka bari yara su shiga gidan kafin a sauke shi.

Maman_Khalil:
Maza kuna ta maganar ƙarfe, ni durowar da kujerun nake ji. Ƙanwata ta tare a wani gida a Tudun Wada da aka bar musu kujerun kushin da gadon katako. Daren farko lafiya. Kafin sati yaran duk jikinsu ya yi tabo. Da aka ɗaga kushin aka duba ɗinkin ƙasa, kuɗin cizo ne jere, da baƙin kashinsu a kusurwar katako. Feshi bayan feshi, sai da aka fitar da kayan aka ƙone, har da katifarta sabuwa ta aure. Ka ɗauki tocila ka haska bayan durowar nan da inda katako ya haɗu da katako. Ka kuma ƙwanƙwasa ƙasanta, in ka ji fanko to gara ta riga ka.

Ɗan_Gyallesu:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma tsohuwar firiza wuta take sha kamar me.

Almajirin_KofarDoka:
Bari in ɗan ƙara a kan abin da Barista ya faɗa, ta fuskar fiƙihu, gwargwadon abin da muka karanta a gaban malamai. A mazhabar Malikiyya, in an sayar da gida, abin da yake kafe a jikinsa ya shiga ciniki ko ba a ambata ba, kamar ƙofa da kanta da aka kafa a bango da tsani da aka buga wa ƙusa. Abin da ake iya ɗauka kuwa na mai sayarwa ne sai in an sharɗanta. To a nan firiza da mota da kujeru ba sa cikin cinikinka, haƙƙinsa ne kuma nauyinsa ne ya kwashe.

Kyauta kuma ba a tilasta wa mutum karɓarta. In ka ce ka gode amma ba ka da bukata, ba ka yi laifi ba.

Inda nake so ka lura shi ne ɗakin. Da zarar ka yarda ya bar kaya a wurinka, sun zama ajiya, ajiya kuwa amana ce. Idan suka lalace ba da sakacinka ba, babu ramuwa a kanka. Amma in ka ga ɗakin yana yoyo ka ƙyale, ko ka ba wani aron kujera ta karye, za a tambaye ka. Kuma ba ka da ikon sayar da su don kawai ka gaji. Allah ne mafi sani.

Abu_Fadila:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Durowar fa, da ba ta fita sai an kwance? Kafe take ko ba kafe ba?

Almajirin_KofarDoka:
In an buga ta a jikin bango, ta bi gida. In tsaye kawai take, girma ne ya hana ta fita, to kayan ɗaki ce. Irin wannan wurin da ake iya saɓani shi ake so a ambata da baki a gaban shaidu.

Hajiya_Binta_Samaru:
Akwai tambayar da ban ga kowa ya yi ba. Firizar da durowar nasa ne? A gidajenmu yawancin kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, ko ita ta saya da kuɗin adashi. Firiza mai murfi biyu kuwa a unguwa irin Hanwa, ina kyautata zaton ta sana'ar ƙanƙara ce ko zoɓo. Namiji zai iya cewa "na ba ka" da kyakkyawar niyya, matar tana ɗaki ba ta sani ba. Ka tura maiɗakinka ta gaishe da Hajiyar gidan, su zanta. A zama ɗaya za ta gano abin da kai ba za ka ji daga bakin Baba ba.

Ummu_Sadiq:
Wallahi Hajiya kin taɓo wurin. Bari in faɗi dalilin da ya sa na ce kada ya ba da ɗaki. Yayana ya sayi gida a Dogarawa, aka roƙe shi irin wannan roƙon, har da cewa zuwa bayan sallah. Mai gidan ya tafi da makullin ɗakin. Sallah ta wuce, wata sallar ta zo. Ana nan sai ga ɗan mutumin da ke karatu a jami'a ya fara zuwa "duba kaya", daga dubawa ya kawo katifa. Matar yayana ba ta iya fitowa tsakar gida ba mayafi a gidan mijinta. Sai da aka kai ga mai unguwa, kuma har yau gidajen biyu ba sa gaisawa. Zumuncin da aka so a kiyaye shi ne ya fara tafiya.

Sani_PZ:
Ni kam ina ganin kun tsananta. Dattijo ne ya shafe shekaru a gida, ya haifi 'ya'yansa a ciki, yanzu zai bar shi. Wataƙila ba don so ya sayar ba. Motar nan da kuke kira tarkace, ƙila ita ce motarsa ta farko, wadda ya kai matarsa asibiti a ciki. Mutum ya yi maka ragi a farashi, ya roƙe ka ɗaki ɗaya na 'yan watanni, ka ce sai an kawo lauya? Mu ma za mu tsufa.

Barista_Zazzau:
Malam Sani, ban ce ya wulaƙanta shi ba. Zai iya ba da ɗakin in yana so, amma makulli ya zauna a hannun mai sabon gida, a rubuta abin da ke ciki, a sa rana. Rigingimun da na gani a irin wannan, kusan duk tsakanin mutanen kirki ne da suka ji kunyar rubutu. Kuma ka tuna rai na hannun Allah. In ta Allah ta kasance a kan dattijon kafin ya kwashe, kayan sun zama gado, kuma magadan ba su san alkawarin da aka yi da baki ba.

Sani_PZ:
Wannan na yarda da shi. Amma "bayan sallah" ma ai rana ce.

Dillali_Kwangila:
Wace sallar? Ƙarama ko babba? Ta wace shekara? A sa kwanan wata, Malam.

Gwangwan_SabonGari:
Sayen tsohon ƙarfe, wato gwangwan, sana'ata ce, bari in yi bayani. Mu da kilo muke saye, kuma kowane ƙarfe da kuɗinsa. Tagulla ta fi tsada, sai alminiyam, baƙin ƙarfe shi ne ƙasa. Tankin nan da hasumiyarsa za mu zo da mai yankan wuta mu sauke mu auna, mu biya, ba kai za ka biya mu ba. Wanda ya ce ka biya shi don ya rabu da kai da ƙarfe, cutarka zai yi. Ka kira mutum biyu ko uku su taya, kuma a auna a gabanka.

Motar kuma kada a yi gaggawar yanka ta. Fijo tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, 504 ta cika ƙasar nan, har yanzu akwai masu ita a hanyoyin ƙauye. Giya da gilasai da fitilu da ƙofofi, in an cire ɗaiɗai an kai wa masu kayan gyara, sun fi kuɗin awo. Amma ni ba na taɓa mota sai mai ita yana tsaye da takarda. Mun ga abin da ya samu wasunmu.

Maman_Khalil:
To ai ga mafita. A haɗa Baba da irin su Malam Gwangwan, kuɗin ya shiga aljihunsa, gida ya zama fili.

Auwal_Palladan:
Ni akasin haka na gani. Lokacin da muka duba gidanmu akwai fankoki, akwai sumo, wato injin jan ruwa, a cikin bohol, akwai ƙofar ƙarfe mai kyau a zaure. Ranar karɓar makulli sai ga wayoyi suna reto daga silin, bohol babu sumo, ƙofar an sauya ta da ta langa-langa. Abin da aka bar mana shi ne tulin fasassun bulo da tsohon faifan dish da ya kusa cika tsakar gida. Don haka Abu_Fadila, yayin da kake lissafin abin da ba ka so, ka lissafa wanda kake so ya zauna. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki da wayarka, mai gidan yana wurin.

Ɗan_Gyallesu:
Ka kuma duba mita. A aikace, kamfanin wuta kan ɗora bashin wuta a kan gida, ba mutum ba. Ka je ofishinsu da lambar mitar a duba maka kafin ka biya ciko. Ko mai kati ce, ana iya ɗora tsohon bashi a kanta, kana sa kati ana cira.

Hajiya_Binta_Samaru:
Mu har a kan mangwaro aka yi. Bishiyar ta yi 'ya'ya kafin ciniki, yaran tsohon mai gidan suka riƙa zuwa tsinka.

Almajirin_KofarDoka:
Hajiya, wannan ma shari'a ta yi magana. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya sayar da dabinon da aka riga aka yi wa barbara, 'ya'yan na mai sayarwa ne, sai in mai saye ya sharɗanta. Malamai sun yi ƙiyasin sauran itatuwa a kai idan 'ya'yan sun bayyana. Ke nan ƙila yaran suna da gaskiya a wannan shekarar, ban da ta gaba.

Sani_PZ:
In koma kan kayan. In ba ya so, me zai hana ya karɓa ya kai Islamiyya ko masallacin unguwa? Baba ya ji daɗi, shi ma ya samu lada.

Malama_Wusasa:
Don Allah a daina wannan. Ina koyarwa a Islamiyya, kuma bayan ajinmu cike yake da irin wannan sadakar. Karyayyun kujeru, firij da ba ya sanyi, talabijin mai ƙeya. Ba mu da kuɗin gyara, ba mu da ikon zubarwa kada a ce mun raina kyauta, ɓeraye suna ta haihuwa a ciki. Wanda zai ba makaranta abu ya fara tambaya ko tana bukata, kuma ya gyara kafin ya kawo. In ba haka ba ya sayar ya kawo kuɗin, mu sayi tabarmi da alli.

Abu_Fadila:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na je da kawuna, don shi ne sa'an Baba, magana ta fi sauƙi a bakinsa. Maiɗakina kuma ta shiga wurin Hajiya. Hajiya Binta, zatonki ya yi daidai, firizar tata ce, kuma ba ta ma san an yi tayinta ba. Za ta tafi da abarta. Janareto ya yarda a nemo mai saye, Injiniya zan neme ka ta akwatin saƙo. Tanki za a sauke, kuɗin nasa ne. Motar takardunta suna nan da sunansa, amma da aka ambaci masu gwangwan sai ya yi shiru, ya ce a ba shi lokaci. Durowa na haska, ban ga komai ba, katakon madaci ne mai nauyi, maiɗakina ma ta ce tana so.

Ɗakin ne ba mu gama ba. Kawu ya ce in ba shi, ni kuma maganar Ummu_Sadiq ta tsaya min a rai.

Ummu_Sadiq:
Ka biya masa kuɗin motar da za ta kai kayan garinsu. Ya fi maka arha, kuma ka yi masa alheri na gaske.

Sani_PZ:
In can ɗin bai gama ginin da zai sa su ba fa? Ka bi maganar kawunka. Babba ya fi ka hangen abin da zai je ya dawo.

Barista_Zazzau:
Kowanne ka zaɓa, motar da ɗakin su shiga takarda ɗaya da kwanan wata ɗaya. "A ba ni lokaci" ita ce kalmar da nake so ka mayar lamba kafin ka biya ciko.

Dillali_Kwangila:
Akwai hanya ta uku. Ba shi da ɗan'uwa ko aboki a Zariya bayan duk shekarun nan? Mutumin da ya yi aiki har ya yi ritaya a garin nan ba zai rasa wanda zai ajiye masa kwali goma ba. A tambaye shi a hankali. In duk abokansa sun ƙi, kai ma ka tambayi kanka dalili.

Maman_Khalil:
Durowar dai a fesa mata magani kafin a sa kaya, ko ba ka ga komai ba. Ƙwan kuɗin cizo yana da wuyar gani ko da tocila, kuma feshi ɗaya ba ya kashe shi, sai an maimaita bayan mako biyu.

Injiniya_Muchia:
Na ga saƙonka. Ka turo min hoton farantin da ke jikin injin, inda aka rubuta lamba da ƙarfinsa, da hoton bangaren wutar ta baya. Kuma ka gaya wa Baba kada ya bari kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya kafin makaniken ya zo ranar Asabar.